Kafin ka ɗauki injin huda ƙashi: amsa ga wani matashin likitan dabbobi a Jidda

"Assalamu alaikum, Baba Likita. Ni ɗanka ne daga Gadarif. Na gama karatun likitancin dabbobi a Sudan, yaƙi ya sa na ƙetaro, yanzu ina aiki a wani ƙaramin asibitin dabbobi a Jidda. Da wuya rana ta fito ta faɗi ba a kawo mana kyanwa ko kare mai ɗingishi ba, ni kuwa abin da na iya bai wuce in ɗauki hoto, in yi allurar kashe ciwo, in karaya ce in tura su gaba ba. Mai asibitin ya ce kuɗi muke kora, yana so in fara tiyatar ƙashi. Na ga tallar wani kwas na kwana uku a ƙasar waje inda ake koyar da sa farantin ƙarfe da aikin gwiwar nan da ake kira TPLO, na kuma tara ɗan abin da zai kai ni. In je ne, ko akwai abin da ya kamata in fara da shi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Idan na fahimce ka da kyau, tambayoyi biyu ka haɗa a wuri ɗaya. Ta farko ita ce yadda za ka gane abin da ke sa dabba ɗingishi, ta biyu kuma yadda za ka gyara shi da wuƙa da ƙarfe. Mai asibitinku ta biyun yake hange, domin ita ce mai kawo kuɗi, tallar kwas ɗin ma ita take sayarwa. Ni kuwa ina ganin ta farkon ce ta fi ƙaranci a hannunka, kuma ita ce ba a koyonta a kwana uku. Ra'ayina a taƙaice shi ne kada ka je wannan kwas ɗin bana. Ka riƙe kuɗinka, akwai wanda ya fi shi dacewa da kai, zan kuma zo kansa. Amma bari in fara da dalili.

Ni ma hanyar da ka biyo na biyo. A Mai Wurno aka haife ni, na yi karatu a Shambat, a tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Khartum, wadda asalinta makaranta ce da aka buɗe tun 1938. An gina karatunmu ne a kan dukiyar ƙasar, wato shanu da raƙuma da tumaki da awaki, sai dawaki da jakunan karo. Wannan ba aibu ba ne, abin da ƙasa take buƙata ke nan. Sai dai mun fito mun san cutar huhun shanu ciki da waje, alhali yawancinmu ba mu taɓa riƙe gwiwar kyanwa mun tambayi kanmu me ke motsi a ciki ba. Da na zo Jidda na tarar aikin duk ya koma kan abin da a gida muke kira kadisa, a nan kuma suke kira bissa, sai na zama ɗan koyo a karo na biyu. Abin da ya cece ni shi ne darasin da aka koya mana a kan jaki: ka fara kallon tafiya, sannan ka fara bincike daga kofato ka yi sama. Wannan darasin yana nan daram a kan kare da kyanwa.

Ido da hannu kafin hoto

Kuskuren da na fi gani a wurin matasa, kuma na ji shi a cikin wasiƙarka, shi ne gaggawar kai dabba ɗakin hoto. Hoto ba ya gaya maka inda ke ciwo. Yana nuna maka wurin da ka nuna masa ne kawai, kuma in ka nuna masa wurin da ba shi ba, zai iya samo maka wani tsohon lahani da ba ruwansa da ɗingishin yau, ka bi shi ka ɓata.

Ka fara da mai dabbar. Shekarunta nawa, yaushe abin ya fara, farat ɗaya ne ko a hankali, tana fita waje ko a ɗaki take, hawa na nawa gidan yake, me take ci, wane magani aka riga aka ba ta. Tambayar ƙarshen nan kada ka taɓa tsallake ta, domin mutanenmu da tausayi sukan ɓare Panadol su ba kyanwa, alhali hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Shekaru kaɗai suna rage maka rabin aiki. A ɗan ƙarami ka tuna da matsirar ƙashi, wato guringuntsin da ke kusa da gaɓa inda ƙashi ke ƙara tsawo, da kuma abinci. A matsakaicin kare mai ƙiba ka tuna da jijiyar gicciye ta cikin gwiwa, irin wadda 'yan ƙwallo ke tsinkewa. A tsoho ka tuna da amosanin gaɓɓai, a babban kare tsoho mai kumburi kusa da gaɓa kuwa kada ka manta da dajin ƙashi.

Sannan ka kalli tafiya. Kare yana ɗora kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa a ƙafafun gaba, 40 a na baya. In ƙafar gaba ce ke ciwo, zai ɗaga kai lokacin da ta taɓa ƙasa, ya sauke shi lokacin da mai lafiyar ta taka. Matasa da yawa suna juya wannan, su ga kai ya sauka su kama ƙafar da ba ta da laifi. In ta baya ce, ka tsaya a bayansa ka kalli ƙugu da tsawon taku, ka kuma sa shi ya zauna: karen da gwiwarsa ke ciwo ba ya naɗe ta da kyau, gefe yake jefa ta. Kyanwa kuwa ba za ta yi maka tafiya a asibiti ba ko da za ka kwana kana roƙonta, lafewa za ta yi a ƙarƙashin kujera. Don haka nakan ce wa mai ita ya ɗauko mini bidiyonta a waya tana tafiya a gida, tana hawa da sauka daga kujera. Tsohuwar kyanwa mai amosani sau da yawa ba ta ɗingishi sam, daina tsalle kawai take yi, ta daina lasar bayanta.

Bayan ido sai hannu. Ka fara da ƙafafun da ke lafiya, mai ciwon ta zama ta ƙarshe, domin da zarar ka taɓa ciwo dabbar ta ɗaure jiki, ba za ka ƙara jin komai ba. Ka tashi daga farce da dagi, ka buɗe tsakanin yatsu, ka bi kowane dogon ƙashi da yatsa, ka lanƙwasa kowace gaɓa ka miƙe ta, kana neman kumburi, zafi, ƙaras-ƙaras, sassauci da taƙaituwar motsi, kana kwatanta dama da hagu. A kyanwar da ke fita waje, abin da na fi samu ba karaya ba ne, cizon 'yar'uwarta ne da ya rufe ya tara mugunya, ga zazzaɓi, ga 'yar huda biyu a ƙarƙashin gashi da ba ka ganinsu sai ka aske wurin. Wannan ba ya buƙatar hoto balle ƙarfe.

A gwiwar baya akwai gwajin da dole hannunka ya haddace. Manuniyar hannu ɗaya a kan ƙoƙon gwiwa, babban yatsa a bayan ƙarshen ƙashin cinya. Manuniyar ɗaya hannun a kan tudun ƙwauri, babban yatsa a bayan kan siririn ƙashin da ke gefensa. Ka riƙe cinya kam, ka tura ƙwauri gaba. In ya zamo gaba kamar ana jawo durowa, jijiyar gicciye ta tsinke. A babban kare mai tsoka ba za ka ji wannan ba sai ka ba shi maganin kwantarwa. Ka kuma tura ƙoƙon gwiwar ciki da waje ka ji ko yana barin kwarinsa. Gocewarsa mataki huɗu ce, daga wanda sai ka tura shi yake fita ya koma da kansa, har wanda ya zauna a waje ba ya komawa, kuma ba kowane mataki ne ke son wuƙa ba. A ƙugun kare mai ƙuruciya akwai gwajin Ortolani na gano sassaucin gaɓar, wanda asalinsa wani likitan yara ɗan Italiya ne ya bayyana shi a kan jarirai a 1937. Waɗannan duka ba a koyonsu daga littafi. Shawarata ita ce duk dabbar da ka sa wa barci don fiɗiya ko wankin haƙori, ka ɗauki minti uku ka taɓa gaɓɓanta duka. In ka taɓa gwiwa ɗari masu lafiya, ranar da marar lafiya ta zo hannunka ne zai gaya maka kafin kanka.

Abin da ke kama da karaya alhali ba ita ba ce

Kafin ka ce ƙashi ne, ka tabbatar ba laka ba ce ba kuma jini ba. Ka juya dagin dabbar ta taka da bayansa, mai lafiya nan take za ta gyara. In ta bar shi a haka, matsalar tana jijiya ko ƙashin baya. Haka nan kyanwar da aka kawo da gudu tana kuka tana jan ƙafafun baya, ka taɓa dagin ka ji ko ya yi sanyi, ka nemi bugun jini a cikin cinya. In babu, gudan jini ne ya taso daga zuciya mai ciwo ya toshe babbar jijiyar jini a inda ta rabu biyu. Ba aikin likitan ƙashi ba ne, kuma mai ita yana da haƙƙin jin gaskiyar nauyin abin tun a ranar.

Akwai biyu da suka yi yawa a garin nan har na ga ya dace in daɗe a kansu. Na farko abinci ne. Wata Hajiya daga cikin mutanenmu ta taɓa kawo mini 'yar kyanwa mai wata huɗu a cikin kwandon wanki, an shimfiɗa mata tawul, ta ce daga kan gado kawai ta diro ta kasa tashi. Da hoton ya fito sai na ga ƙasusuwan kamar an zana su da fensir a kan takarda, bangonsu siriri, ƙashin cinya bai karye biyu ba, lanƙwashewa ya yi kamar ɗanyen kara. Na tambaye ta abin da take ba ta. Ta ce, cikin alfahari, "Wallahi Likita ba ta cin komai sai ƙirjin kaza da hanta, da hannuna nake dafa mata." Nan ciwon yake. Tsokar nama da hanta cike suke da fosfaras, kalsiyam ɗinsu kuwa kaɗan ne ƙwarai, sai jikin mai girma ya koma yana kwasar kalsiyam daga ƙashinsa. Da na huda wannan ƙashin da sukuru, da ya ruguje a hannuna. Maganinta keji ne, da cikakken abincin 'yan kyanwa, da maganin ciwo, bayan mako shida tana hawa labule. Aikin da ya fi wuya shi ne shawo kan Hajiya cewa ƙaunarta ce ta jawo, ba tare da na kunyata ta ba.

Na biyu shi ne kyanwar nan mai lanƙwasasshen kunne, Scottish Fold, wadda ake yayi a Jidda da Riyad. Abin da ya lanƙwasa kunnen lahani ne na guringuntsi da ake gado, kuma bai tsaya a kunne ba. Yana taɓa yatsu, da idon sawu, da wutsiya, ka ji wutsiyar ta yi kauri ta sandare, ka ga ƙashi ya tsiro a bayan idon sawu. Babu tiyatar da ke warkar da wannan. Rage ciwo ne, da hana ƙiba, da gaya wa mai ita kada ya haɗa ta barbara.

Ranar da na yi gaggawa

Yanzu ga karayar gaske. A Jidda yawancinta faɗowa ce daga bene, kuma na lura takan ƙaru a watannin sanyi, lokacin da mutane ke kashe na'urar sanyaya ɗaki su buɗe tagogi. A farkon zuwana an kawo mini wani farin muzuru da ya faɗo daga hawa na huɗu, ƙashin cinya ya karye biyu, karaya mai kyau irin wadda ɗan koyo ke mafarki. Na ɗauki hoton ƙafar kaɗai. Na ga yana numfashi da sauri, na ce tsoro ne da zafi. Mai shi yana sauri, ni ma ina ɗokin gwada hannuna, na sa shi barci a yammacin nan. Ban ko yanka fata ba dasashinsa ya koma shuɗi, bai kuma farka ba. Da na buɗe shi daga baya na tarar tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya yage, hanta ta shige ƙirji ta danne huhu. Laifin ba na kowa ba ne sai nawa, hoton ƙirji guda ɗaya da ya nuna mini.

Abin da ya ƙara mini takaici shi ne an riga an rubuta wannan tun da daɗewa. A 1987 wasu likitoci biyu a New York, Whitney da Mehlhaff, sun buga bincike a kan kyanwowi 132 da suka faɗo daga dogayen gine-gine. Kashi 90 cikin ɗari suna da rauni a ƙirji, masu karayar ƙafa kuwa kashi 39 ne. Wato ƙirjin ya fi ƙafar zama abin tsoro nesa ba kusa ba. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: duk dabbar da ta faɗo ko mota ta buge, sai na duba numfashi, na ɗauki hoton ƙirji, na tabbatar mafitsara ba ta fashe ba, na buɗe baki na duba ganɗa da muƙamuƙi, na gwada ko ƙafar tana jin zafin matsa yatsa, kafin in yi zancen ƙashi. Karayar da fata ba ta buɗe ba tana iya jiran kwana biyu ko uku a ƙarƙashin maganin ciwo, huhu ne ba ya jira.

In lokacin hoton ƙafar ya yi, ka kwantar da dabbar da magani, ka ɗauka ta fuska biyu, gaba da gefe, gaɓar sama da ta ƙasa duk su fito. A ƙanana ka ɗauki ɗaya ƙafar don kwatance, domin matsirar ƙashi tana kama da tsaga. Ka kuma ajiye abin da ka san girmansa a gefen ƙashin, don ka iya auna ƙarfen da za ka sa.

Yadda ƙashi ke warkewa, da matakan koyo

Basiran da muka sani a gida, masu ɗori da kara da tsumma, sun riƙe rabin gaskiya: ƙashi da kansa yake warkewa in aka hana shi motsi aka bar masa jininsa. Abin da ilimin zamani ya ƙara shi ne awon motsin. Ƙungiyar AO, wadda likitocin mutane suka kafa a Suwizalan a 1958, reshenta na dabbobi kuma ya biyo a 1969, ita ta tsara ƙa'idojin da kowa ke bi yau. Daga cikinta Stephan Perren ya bayyana cewa sabon ƙashi ba ya tsirowa a tsagar da ke buɗewa fiye da kashi 2 cikin ɗari na faɗinta, guringuntsi yana jure kusan kashi 10, ɗanyen nama kuwa yana jure fiye da haka sosai. Wannan ne ya sa 'yar siririyar tsaga mai ɗan motsi takan ƙi haɗuwa, alhali ƙashin da ya farfashe gutsi-gutsi, in aka ɗaure shi daga nesa ba a taɓa gutsattsarin ba, yakan warke lafiya. Wanda bai fahimci wannan ba, ko ka ba shi farantin da ya fi kowane tsada, zai kankare naman da ke ciyar da ƙashin don hoton ya yi kyau, bayan wata biyu farantin ya karye.

Don haka nake ganin koyon yana da tsani, kuma matakin farko ba shi da wuƙa. Ka san karayar da keji kaɗai ke warkarwa, kamar yawancin karayar ƙugun kyanwa, muddin ba ta shiga kwarin gaɓar cinya ba, hanyar kashi ba ta matse sosai ba, jijiya kuma tana aiki. Mako shida a keji ya isa. Ka san iyakar jibis, wato ɗaurin filasta mai sandarewa kamar siminti: ba ya aiki a cinya ko dantse, domin ba za ka iya kame gaɓar da ke sama ba, nauyinsa ma ƙara karya wurin yake yi. Yana da haɗari kuma a ƙasan sangalin hannun ƙananan karnukan gida, inda jini ya yi ƙaranci, ƙashin ya ƙi haɗuwa ya narke. Bandejin da ya matse ko ya jiƙe aka bar shi ya cinye ƙafafu fiye da yadda ake faɗa.

Mataki na biyu tsabta ce da barci. Ƙwayar cuta in ta kama ƙarfe ba ta sakinsa sai an cire shi. In asibitinku ba shi da tukunyar turara kayan aiki da ke kai digiri 121 wadda kuke gwada ingancinta, da ɗakin tiyata da ba a aske gashi a cikinsa, da mutum guda da aikinsa kawai kallon numfashi da bugun zuciya, to zancen faranti bai taso ba, kuma wannan mai asibitin ne zai saya, ba kai ba. Injin huda bango da aka naɗe da tsumma ba kayan tiyata ba ne, saurinsa ƙona ƙashi yake yi, sukurun ya sassauta bayan mako biyu.

Daga nan sai ayyuka biyu da matasa ke rainawa, yanke ƙafa da cire kan ƙashin cinya. Kyanwa mai ƙafa uku tana rayuwa lafiya, kuma yanke ƙafa yana koya maka kowace tsoka da jijiya. Cire kan cinya kuwa yana ceton kyanwa da ƙaramin kare daga gocewar ƙugu da karayar wuyan cinya ba tare da ƙarfe ko ɗaya ba, yana kuma koya maka hanyar shiga ƙugu. Bayansu sai ƙusa da waya da ƙarfen waje. Ƙusa ita kaɗai a cikin ɓargo tana hana lanƙwasa amma ba ta hana juyawa ko nutsewa, don haka sai an haɗa ta da wani abu. Ba a sa ta a sangalin hannu, domin babu inda za ta shiga ba ta lalata gaɓa ba. A cinya kuma ka tura ta daga sama zuwa ƙasa ka yanke kanta gajere, in ba haka ba ta soki babbar jijiyar ƙafa. Ƙarfen waje, wanda ake huda ƙusoshi ta fata a haɗa su da sanda, yana da araha kuma yana yafiya ga ɗan koyo, musamman a ƙwauri. Sai bayan waɗannan faranti ke zuwa, sannan karayar cikin gaɓa da gyaran ƙoƙon gwiwa.

TPLO yana can ƙarshen tsanin. Barclay Slocum na Amurka ne ya fito da shi a 1993: ana yanka kan ƙwauri mai lafiya da zarto mai lanƙwasa, a juya shi, a ɗaure da faranti, don gwiwa ta daina zamewa ko babu jijiyar. Aiki ne mai kyau a babban kare, amma kuskure a cikinsa yana mai da ɗingishi ya koma asarar ƙafa. Ka buɗe littafin asibitinku ka ƙirga manyan karnuka nawa masu tsinkakkiyar jijiya kuka gani bara. Na tabbata ba za su kai kyanwowin da suka faɗo daga taga a wata guda ba. Aikin da ba za ka yi shi a kai a kai ba, hannunka ba zai riƙe shi ba. Ni kaina, duk shekarun nan, ba na yin TPLO, ba na taɓa ƙashin baya, ba na sa ƙugun roba. Turawa nake yi, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba.

Inda za ka sa kuɗinka

Kwas ɗin da ya dace da kai shi ne na ƙa'idojin gyaran karaya a ƙananan dabbobi, irin wanda reshen dabbobi na AO ke gudanarwa, inda ake aiki a kan ƙashin roba ana koyon huda da awo da ɗaure sukuru da lanƙwasa faranti. Kowane kwas ka gani, ka tambayi awa nawa hannunka zai yi aiki, mutum nawa ne a kan ƙashi ɗaya, kuma ko malamin zai yarda ya duba hotunanka bayan ka koma gida. Takardar halarta ba ta mai da mutum ƙwararre. A Turai da Amurka sai an yi shekara guda ta share fage, sannan uku a ƙarƙashin ƙwararru, a ci jarrabawa, kafin a kira mutum likitan tiyata. Ba kowa ke samun wannan hanya ba, amma saninta yana hana mutum ɗaukar kansa abin da bai kai ba.

Kafin kwas ɗin, akwai abin da ya fi shi araha. Ka nemi wanda ke yin wannan aiki a garin, ka roƙe shi ka riƙa zuwa ranar hutunka kana riƙe masa ƙafa da kayan buɗe rauni, ko ba a biya ka ba. Ka je wurin mahauta ka karɓi ƙashin cinyar rago da ƙwaurinsa, ka karya su da zarto, ka yi ta hudawa har ka san jin injin lokacin da ya fasa bangon ƙashin na biyu. Dabbar da ta mutu a asibiti, in mai ita ya yarda, ka bi hanyoyin shiga cinya da ƙwauri da ƙugu a kanta, littafin tsarin jiki a buɗe a gefenka. Ka kuma buɗe kundi: kowace karaya da hotonta na farko, da shirin da ka rubuta kafin ka ga abin da babba zai yi, da hoton bayan aiki, da na mako huɗu da na takwas. A kowane hoto ka tambayi kanka ko ƙafar ta miƙe daidai, ko bakin karayar ya haɗu, ko ƙarfen yana inda ya dace, ko ƙashin yana tsirowa.

Ban ga hannunka ba, ban kuma ga ɗakin tiyatarku ba, don haka ba zan yanka maka ranar da za ka fara ba. Wanda ya tsaya kusa da kai yana kallo shi zai faɗa. Game da mai asibitin kuwa, kada ka ce masa a'a kawai. Ka kai masa jerin kayan da ake buƙata da kuɗinsu, ka gaya masa ayyukan da za ka fara da su cikin shekarar nan da waɗanda za ku ci gaba da turawa, ka kuma tuna masa cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: duk ƙashin da kuka karɓi kuɗinsa, naku ne har mako takwas ko goma sha biyu, da sake hoto, da canjin bandeji, da sake aiki kyauta in ƙarfe ya karye. Lasisin da Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma ta bayar kuma sunanka ne a kansa, kai za a tambaya. A takardar amincewa da mai dabba zai sa wa hannu, ka rubuta sharaɗin keji da kwanakinsa ƙarara, da Larabci da kuma harshen da yake ji, ka sa shi ya nuna maka hoton kejin a wayarsa kafin ka sallami dabbar.